Tafiya Irin Ta Faransawa

Turawan Ingila suna da wata magana da suke cewa "French leave", wato tafiya irin ta Faransawa. Ma'anarta ita ce mutum ya sulale daga bakin aikinsa ba da izini ba. An same ta a rubuce tun 1771, zamanin da ake cewa wai manyan Faransa sukan bar wurin liyafa ba tare da sun yi wa mai gida sallama ba. Daga baya ta koma kan sojan da ya bar bariki a sace, da akawun da ya bar ofis babu sanarwa.

Abin mamaki, su ma Faransawa suna da tasu, "filer à l'anglaise", wato sulalewa irin ta mutanen Ingila. Italiyawa da Rashawa su ma Ingila suke jingina wa halin. Kowa ya san halin, kowa yana yinsa, amma babu al'ummar da ta yarda a raɗa masa sunanta. Bahaushe ya riga ya faɗa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Maganar ta shigo Nijeriya tare da Turanci, ta sami gindin zama a makarantu da ofisoshi. Malami zai sa hannu a littafin zuwa da safe, ya ɓace kafin azahar, abokan aikinsa su ambaci maganar suna dariya. Me ya sa dariya? Domin kalmar "leave" tana nufin hutun da aka nema aka bayar. Da aka manna ta a kan guduwa, sai satar lokaci ta yi shigar hutu, kunya ta kau.

Hutu haƙƙin ma'aikaci ne, jiki da jini dole ya gaji. Amma tsakanin hutu da guduwa akwai sallama. Wanda ya yi sallama ya ba da dama a sami mai riƙe masa aji. Wanda ya sulale kuwa ya bar yara suna kallon allo babu mai koyar da su, ga shi ƙarshen wata zai karɓi albashinsa cif.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka ji an kira wannan hali da sunan Faransa, ka tambayi wa aka bari yana jira. Sunansa a Hausa cin amana, kuma ba daga Faransa aka kawo mana shi ba.