Lafiyarta Ƙalau, An Ce Ta Tsufa

Tsakanin ranar da kamfani ya ce sabuwar manhaja na nan tafe da ranar da zai sake ta, akwai 'yan watannin da halin masu amfani da kwamfuta ke fitowa fili, halin kamfanin ma ya fito. Microsoft ya yi shelar Windows 11 ranar 24 ga Yunin 2021, ya sake ta ranar 5 ga Oktoba. Wata uku ke nan da 'yan kwanaki, amma abin da ya gudana a cikinsu ya isa a zauna a duba, don duk sanda wata sabuwa ta kusa fitowa sai an sake ganin irinsa.

Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ita ke ajiye fayil, ita ke aika takarda ga firinta, ta hannunta Word da sauran manhajoji ke buɗewa. Yawancin masu aiki da ita ba su zaɓe ta ba, a cikin kwamfutar suka tarar da ita, kuma idan tana aiki lafiya ko tunawa da ita ba sa yi. Wannan mantuwar ita ce babbar nasarar irin wannan manhaja. Ranar da mai shagon buga takardu ya fara ambaton sunan Windows da rana tsaka, to wani abu ya lalace.

Da ɗoki aka fara. Kwanaki kafin shelar, wani kwafin gwaji ya sulale ya shiga intanet, hotuna suka bazu: tagogi masu lanƙwasassun kusurwoyi, gumakan ƙasa sun taru a tsakiya, sabon sautin buɗewa. Ranar shelar kuma aka yi alkawarin da ya fi jan hankalin matasa, cewa manhajojin wayar Android za su yi aiki a kan kwamfuta, sannan duk mai Windows 10 da kwamfutarsa ta cancanta kyauta zai samu. Har da mamaki a ciki, domin a 2015 wani ma'aikacin kamfanin, Jerry Nixon, ya faɗa a wani taro cewa Windows 10 ce ta ƙarshe, kuma shekara shida mutane suna riƙe da wannan magana, suna ganin daga yanzu sai dai gyare-gyare.

Ɗokin bai kwana biyu ba. Kamfanin ya fitar da wata ƙaramar manhaja mai suna PC Health Check, wadda za ta duba kwamfutarka ta gaya maka ko za ta ɗauki sabuwar Windows. Mutane suka yi ta saukewa suna dannawa, tana ce musu a'a. A'a kawai, ba dalili, ba ga abin da za ka gyara ba. Wanda ya sayi kwamfutarsa shekara huɗu da suka wuce da kuɗi masu ciwo, tana gudu kamar ranar da ya buɗe kwalinta, sai ga saƙo wai ba ta isa ba. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya janye manhajar cikin 'yan kwanaki, sai daga baya ya dawo da ita tana faɗin dalili.

Dalilan manya biyu ne. Na farko TPM 2.0, wani ɗan ɓangare ne na tsaro da ke ajiye makullan sirri a inda ɓarawon intanet ba zai kai gare su da sauƙi ba. Abin takaicin shi ne kwamfutoci da yawa suna da shi a jikinsu, a kashe kawai yake a cikin BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, aikin minti biyu ne ga wanda ya sani. Da yake ba a yi bayani ba, wasu suka ruga sayen na sakawa, 'yan kasuwa suka tsuga masa kuɗi. Na biyun kuwa ba shi da magani: ƙwaƙwalwar kwamfutar, wadda masu gyara ke kira furoseso. Idan ta Intel ce sai daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, idan ta AMD ce sai daga Ryzen 2000. Layin ya yi tsauri har ya bar Surface Studio 2 a waje, kwamfutar da Microsoft ɗin da kansa yake sayarwa sama da dala 3,000 a lokacin, sai a watan Agusta aka shigar da furosesonta cikin jerin.

Wannan layi da Microsoft ya ja a Redmond ta ƙasar Amurka, a kasuwanninmu ya fi yanka. Duk wanda ya shiga titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja ya san irin laftof ɗin da ke jere a kanta. Na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka yi aiki da su suka sallama: HP EliteBook 840 G3, ThinkPad T460, Dell Latitude iri-iri. Guda biyun farko furoseson zubi na shida ne a cikinsu. Da su ɗalibi yake rubuta furojet, da su ake yi wa yara rajistar jarrabawa, da su mai zane yake tsara katin biki da kalandar ɗaurin aure. A wajen wanda ya yi wata takwas yana adashe kafin ya saya, sabuwa ce fil. Sai ka ji shi a gaban mai gyara: "Malam, duba min, wai ba za ta hau ba. Wallahi lafiyarta ƙalau, ko sau ɗaya ba ta taɓa tsaya min ba." Mai gyara ya kashe ta, ya kunna yana ƙwanƙwasa F10, ya leƙa BIOS, ya kunna abin da ke kashe, ya sake gwadawa. Sannan ya juya ta ya karanta lambar jikinta, ya girgiza kai: "Yallaɓai, ba ciwo ba ne, shekaru ne."

Waɗanda kwamfutarsu ta tsallake kuma wani ɓacin ran suka tarar, kuma shi ne ya fi tsaya min a rai. Je ka tsaya bayan mai buga takardu a shagon kwamfuta na bakin wata makaranta, irin matar da ta yi shekara goma sha tana wannan aiki. Idonta na kan takardar da take kwafa, ba ya kan sikirin. Idan tana son buɗe wani abu, hannunta na dama ya ja linzamin kwamfuta ƙasa ta hagu da ƙarfi ɗaya, ta danna, ba ta duba ba. Kusurwa ba ta ɓacewa, duk ƙarfin da ka ja, a nan kibiyar za ta tsaya. Tun Windows 95 maɓallin Start yake wannan wuri, in ban da ɗan lokacin Windows 8. Windows 11 ta ɗauke shi ta kai tsakiya, inda sai ka ɗaga kai ka nema, kuma yana ɗan matsawa gwargwadon yawan abin da ka buɗe. Ana iya mayar da shi hagu a cikin saiti, gaskiya ne, amma sai wanda ya san da hakan. Idan ta danna dama a kan fayil, jerin da ta haddace ya gajarce, kwafa da liƙawa sun koma 'yan gumaka marasa rubutu, sauran an tura su bayan wani dannawa na biyu. Sandar ƙasa da wasu ke mayarwa gefe ko sama ta kafe wuri guda. Jan fayil a ɗora shi kan manhajar da ke sandar ya daina aiki gaba ɗaya, sai a Satumban 2022 aka dawo da shi.

Ana cewa sabo turken wawa, kuma masu son sabon abu sun yi ta jifan masu ƙorafi da irin wannan magana. Ban yarda ta shafi wannan mata ba. Mutumin da aka ɗauke wa wuta cikin dare yakan miƙa hannu ya ɗauko tocilarsa a inda ya saba ajiyewa ba tare da lalube ba, kuma wanda ya sake mata wuri don ɗakin ya fi kyau da rana ya cuce shi. Saurin hannun matar nan shi ne jarinta. Da shi take buga shafi talatin kafin man janareta ya ƙare, da shi take sallamar layin ɗalibai ranar ƙarshe ta miƙa aiki. Daƙiƙa biyun da aka ƙara mata a kowane dannawa ba a aljihun wanda ya zana sabuwar fuskar suke fita ba.

Kuma ba wannan ne karon farko ba. A Oktoban 2012 Windows 8 ta fito ba maɓallin Start sam, an maye shi da manyan tayal da aka tsara don allon da ake taɓawa da yatsa. Kamfanin ya kafa hujja da bayanan da yake tattarawa daga kwamfutocin mutane, waɗanda suka nuna an rage amfani da jerin Start. Sai dai wa aka ƙirga? Wanda kwamfutarsa ke kan intanet kuma ya bar ta tana aika rahoto. Kwamfutar shagon da ba ta ganin intanet sai ranar rajista ba ta cikin lissafi, haka ta ofishin da ya toshe aika bayanai. Shekara guda bayan nan Windows 8.1 ta dawo da maɓallin, Windows 10 ta dawo da jerin. Wanda aka taɓa yi wa haka, idan ya ji sabuwa na tafe, fargabarsa takan riga murnarsa.

Duk da haka ba zan ce masu amfani ne ke da gaskiya a komai ba. Abin da muke nema yakan ci karo da juna: a ba mu sabuwa mai sauri da kyau da tsaro, amma kada a taɓa komai, kuma tsohuwar firintar da kamfaninta ya daina kula da ita ta ci gaba da aiki. Batun tsaro kuwa ba ƙage ba ne. A Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe da dama tana neman fansa, asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya da yawa, alhali kamfanin ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, ba a saka ba ne. Lamarin ya kai sai da aka fitar da gyaran gaggawa har ga Windows XP, wadda aka daina kula da ita tun 2014. Don haka idan Microsoft ya ce yana son kowace kwamfuta ta zo da ma'ajiyar makulli a jikinta, magana ce mai ma'ana, kuma ina goyon bayanta.

Inda na rabu da su shi ne haɗa komai a buhu ɗaya. TPM tsaro ne. Kai maɓalli tsakiya ba tsaro ba ne, gajarta jerin danna dama ba tsaro ba ne. Tilasta wa mai Windows 11 Home ya sami intanet da asusun Microsoft kafin ya gama saita sabuwar kwamfutarsa ya fi amfanar kamfani a kan mai saye, kuma wanda ke ƙirga datarsa da megabait shi ya san zafin wannan. Idan aka cakuɗa abin da ya zama dole da abin da aka ga dama, mutane sukan ƙi su duka, na dolen ma ya sha ƙiyayyar da ba tasa ba. Mutum zai jure a ce masa kwamfutarka ba ta da kaza, ga haɗarin da ke cikin hakan, ga shekarun da suka rage maka. Abin da ba zai jure ba shi ne a rufe masa ƙofa ba a ko dube shi ba, kamar yadda waccan manhajar dubawa ta yi a makonta na farko.

Alkawarin manhajojin Android kuwa, wanda ya fi komai tayar da ɗoki, bai zo ranar fitowar ba. Ya iso daga baya ta shagon manhajoji na Amazon, a wasu ƙasashe kawai, sannan a Maris ɗin 2025 aka rufe shi. Jan fayil zuwa sandar ƙasa, wanda ba wanda ya taɓa yi wa talla, shi mutane suka yi ta roƙo har aka dawo da shi.

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Ya buɗe ƙarin shekara guda zuwa Oktoban 2026, a kan dala 30 ko ta wasu hanyoyi na kyauta da ke buƙatar asusun kamfanin. Masu gyara sun daɗe da gano yadda ake tsallake shingen, da manhaja irin Rufus suke ɗora Windows 11 a kan tsofaffin laftof, kuma tana aiki, sai dai kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan gyara ba. Mai gyara nagari ya kamata ya gaya wa mai kaya wannan kafin ya karɓi kuɗinsa. Akwai kuma Linux Mint, kyauta ce, tana gudu da kyau a kan waɗannan kwamfutoci, jerin manhajojinta ma a kusurwar hagu yake. Ga ɗalibin da aikinsa rubutu ne da bincike ta wadatar. Ga mai shagon da CorelDRAW ke ciyar da gidansa ba ta yi ba, don CorelDRAW na yanzu ba a yi shi don Linux ba.

Ofisoshin da suka sauya kwamfutoci saboda wancan layin furoseso ba zubar da tsofaffin za su yi duka ba, hanyar da na baya suka bi ita za su biyo, da araha mai jan ido. Wanda zai saya ya daina tsayawa a "Core i5 ce ko i7?", don wannan ba ya gaya maka shekarunta. Ya ce a kunna masa ya ga cikakkiyar lambar furoseson. Idan ya ga i5-6300U, shidan farko na nufin zubi na shida, Windows 11 ba ta karɓe ta ba, a yi cinikin a kan haka. Idan ya ga i5-8250U, zubi na takwas ce, ta shiga.