Laifin Ƙugu Ne Ko Na Ido?

Ƴan uwa ɗalibai, bari in fallasa kaina: wata uku ke nan ina koyon rawar ƙugu irin ta Masar. Mu shida ne, duk mata. Kowace Lahadi muna haɗuwa a wani gida a unguwar Zariya, wurin wata tanti da ta yi zaman Alƙahira. A rufe ƙofa, a tuɓe takalmi, kowa ta ɗaura kallabi a ƙugu. Ranar farko na sandare kamar taɓarya. Tanti ta ce: "Ɗiyata, sassauta gwiwa, tsai da ƙirji. Gwiwa ce ke tura ƙugu." Sai da na yi sati biyu kafin jikina ya gane.

Da Inna ta ji labari, cewa ta yi: "Ke! Da hankalinki?" Amma kakata ta Tibiri dariya ta yi. Ta ce a zamaninsu ƴan mata dandali suke fita da farin wata, a yi gaɗa, mai kalangu na kiɗa, ba wanda ya kira su ƴan iska. To mi ya canza? Jikin mace dai shi ne na jiya.

Gardamar ta girme mu. A Masar ɗin ma an bambanta mawaƙan da ke nishaɗantar da mata cikin gida da masu rawa a titi gaban maza, har Muhammad Ali ya hana rawar titi a Alƙahira a 1834. A baje kolin Shikago na 1893, Amurkawa suka mai da rawar abin kallon ƙwaƙwa. Mu ma nan, a watan Nuwamba na 2000, an yi bukin nunin tufafi na FIMA can wajen Yamai, amma a Maraɗi aka ƙone mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, matan da ko wurin bukin ba su taka ba. Duk sanda rigima ta tashi kan kallo, mace ke biyan kuɗin sabulu.

Wani abokin karatuna ya ce mini abin da ake ɓoyewa ba ya rasa laifi. Na ce masa wanka ma a ɓoye ake yin shi, kuma ba zunubi ba ne, sunansa sutura. Ni ba malama ba ce, hukuncin kiɗa na bar wa masu ilmi. Abin da na gani da idona zan faɗa.

Wata rana ɗaya daga cikinmu ta ɗauki ƙawarmu bidiyo a portabul ba da saninta ba. Kafin magariba ya zagaye WhatsApp. Dangin wanda zai aure ta suka gani, magana ta lalace. Gari ya ɗauka: "Ɗiyar wane ba ta da kunya." Ba wanda ya tambayi wadda ta ci amana, balle ɗaruruwan da suka tura. Ni ma, wallahi, da ya shigo wayata na kalla, na yi shiru. Shirun nan ya fi rawata nauyi a zuciyata.

Ita ta rufe ƙofa, ta suturta kanta. Mu muka buɗe. Idan kunya ado ce, ai ba a ƙugun mace kaɗai ake ɗaura ta ba. Ido ma yana da tasa, yatsan da ke latsa waya ma haka.

Yanzu mu biyar ne. Tanti ta aje ƙwarya a bakin ƙofa, kowa ta zuba wayarta kafin ta shiga. Jiya na je gidan ƙawarmu na roƙi gafara. Ku kuma ƴan fada, in irin wannan bidiyo ya iso muku kuna shan shayi, ku tuna kuna da ƙanne mata, ku goge.