Dokar Wasa ta Yarda, Amma Ya Dace?

A ƙasar Japan akwai wata kokawa ta gargajiya da ake kira sumo. Ana yin manyan gasanninta sau 6 a shekara, kowace gasa kwana 15, manyan 'yan kokawa kuwa kowa yakan kama sau ɗaya a rana. Dokarta ba wuya. Wanda ya fara fita daga da'ira, ko kuwa wani sashen jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, shi ne aka kayar. Ba a raba su bisa ga nauyi, ƙarami da ƙato duk fili ɗaya suke shiga.

Kokawar takan fara ne da karo. Mutum biyu su durƙusa suna fuskantar juna, su zabura gaba ɗaya, su haɗu da dukan ƙarfinsu. Amma akwai wata dabara da suke kira henka, wato maimakon mutum ya karɓi karon, sai ya goce gefe, abokin karawarsa ya wuce da ƙarfinsa ya faɗi. Babu dokar da ta hana wannan.

A watan Maris na 2016, a ranar ƙarshe ta gasar birnin Osaka, Hakuho ya yi wa Harumafuji irin wannan gociya. Dukansu biyu suna riƙe da muƙamin yokozuna, wanda babu na sama da shi a sumo. Kafin a ce me, kokawa ta ƙare, Hakuho ya ɗauki kofinsa na 36. Maimakon tafi, sai 'yan kallo da yawa suka yi masa ihu. Da aka miƙa masa abin magana a gaban jama'a, ya nemi gafara, har da hawaye.

To, ga tambaya. Mutumin da bai karya doka ba, gafarar me yake nema?

Wani zai ce jama'a ne ba su yi adalci ba. An sa doka domin kowa ya san iyakarsa, wanda ya tsaya cikin iyakar kuwa ba shi da laifi. Ɗan kokawa da nasara yake ci da iyalinsa, jikinsa kuma shi ne jarinsa. In dabara za ta kawo nasara ba tare da rauni ba, don me zai ƙi ta? Wannan magana tana da ƙarfi, bai kamata a yi watsi da ita ba.

Amma mu duba wani misali. A shekarun 1990 an yi wani ɗan kokawa mai suna Mainoumi, ƙarami ne ƙwarai a cikin 'yan sumo, nauyinsa wajen kilo 100. Yakan kama da mutane irin su Konishiki, wanda ya haura kilo 250. Da tsalle da gociya da sunkuye yake rayuwa, jama'a kuwa suna ƙaunarsa saboda haka. Ashe dabara iri ɗaya ce, a hannun wani ta zama abin yabo, a hannun wani ta zama abin kunya. Bambancin yana ga wanda ya yi ta. Ƙarami ya goce don ba shi da wata hanya. Babba yana da ƙarfin tsayawa, ya zaɓi kada ya tsaya.

Muƙamin yokozuna yana da wani abin lura. Sauran 'yan kokawa in sun yi ta shan kaye akan sauke su ƙasa. Yokozuna ba a sauke shi. In ƙarfinsa ya ƙare, ko halinsa ya ɓaci, abin da ake jira a gare shi shi ne ya yi murabus. An ba shi girman da ba a ƙwacewa, saboda haka ana bin sa bashin abin da doka ba ta rubuta ba. Babba juji ne. Harumafuji kansa ya yi murabus a 2017 bayan ya bugi wani ɗan kokawa na ƙasa da shi.

Duk da haka akwai haɗari a nan, kada mu rufe ido a kansa. Dokar da ba a rubuta ba tana da sauƙin zama sanda a hannun masu son zuciya. Hakuho da Harumafuji 'yan Mongoliya ne. A 1992, sa'ad da Konishiki ɗan Hawaii ya yi kusa da zama yokozuna, an yi ta gardama a kan ko baƙo yana iya samun irin mutuncin da muƙamin yake bukata. Sai a 1993 Akebono ya zama baƙo na fari da aka naɗa. Wanda zai nemi mutunci daga wani, lalle ne ya auna ɗan gida da baƙo da mudu ɗaya, in ba haka ba abin da yake yi ƙyashi ne kawai.

Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya raba tsakanin abin da aka yardar wa mutum da abin da yake da amfani ga ɗan'uwansa. Wannan rabewa ce muke gani a filin sumo, ita ce kuma muke gamuwa da ita kullum. Mai gida yana da ikon neman ɗan haya ya tashi idan wa'adi ya cika, ko da matar ɗan hayar tana kwance ba lafiya. Mai bin bashi yana da ikon karɓe jingina ana tsakiyar yunwa. Alƙali ba zai kama su ba.

Doka tana faɗa mana inda za a hukunta mu. Ba aikinta ba ne ta faɗa mana irin mutanen da ya kamata mu zama, wannan aikin lamiri ne. Hakuho ya bar kokawa a 2021 da kofi 45, babu wanda ya kai shi. Amma a wannan rana ta Osaka shi da kansa ya ga nasarar ba ta wanke shi ba. Kai mai karatu, in Allah ya ba ka ƙarfi a kan wani, tambayar ko kana da iko ba ta isa ba. Ka ƙara da tambayar ko ya dace da kai.