Littafin Mamaci: A Karanta Ko A Ƙone?

Ranar sadakar bakwai ɗin Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, a gidan aurenta da ke Sabon Gari, ni aka sa in buɗe adakarta don ni ce 'yar ɗakinta. Can ƙarƙashin zannuwa, cikin leda, sai ga littattafan rubutu guda uku irin na 'yan firamare, bangonsu duk ya sha mai. Wallahi ban taɓa sanin Gwaggo tana rubutu ba, yaƙi da jahilci kawai ta yi bayan aurenta. Wani shafin boko, wani ajami.

Yayanmu na ganin su ya ce, "A ƙone su, sirrin mamaci ne." Na ce, "Yaya, tukuna dai. Ai ba a raba gado sai an biya bashi, to yaya za mu san bashin in ba mu duba ba?" Haka kuwa aka yi. A na farko muka ga zubin adashi, da kuɗin wata mai daddawa a kasuwar Samaru da Gwaggo ba ta kai ga biya ba. Muka je muka biya, ita matar ma ta manta.

Na biyu ranakun haihuwar yaran gida ne, da kuɗin tiyar masara shekara-shekara, da 'yan baitocin da ta tsara wa ɗanta da ƙyanda ta kashe. Na yi kuka har na gode Allah.

Na ukun ne ya hana ni barci. Shafi biyu na karanta na rufe, domin duk a kan abokiyar zamanta ne, Inna, wadda tana nan da ranta, ita ce ma ta yi jinyarta.

Ba zan ɓoye muku ba 'yan'uwa, ni marubuciya ce, hannuna har ƙaiƙayi yake, don labari ne da zai cika littafi na ɗaya da na biyu. Kuma ina da hujja. A Amurka an yi wata ungozoma, Martha Ballard, da ta riƙa rubuta abin da ya faru kullum daga 1785 zuwa 1812, ta karɓi haihuwa 816. Da zuri'arta sun ƙone, da babu mai sanin yadda matan garinsu suka rayu. Nan jami'ar Ahmadu Bello ana adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu, amma yawanci na malamai ne da sarakuna. Na mai adashi fa? In kowa ya bi shawarar Yaya, nan da shekara ɗari sai a ce matan Zariya ba su taɓa tunanin komai ba.

To amma da na tuna Baba ta Karo sai jikina ya yi sanyi. A ƙasar Zazzau ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Ita ta san ana rubutawa, ta zaɓi abin da za ta faɗa da wanda za ta haɗiye. Gwaggo kuwa ba da ni take magana ba. Da dare ta rubuta, ranta a ɓace, gari ya waye suka ci tuwo kwano ɗaya da Inna. Mai rai yana iya cewa "ba haka nake nufi ba", mamaci fa? In na baza, na mayar da fushin dare ɗaya ya zama maganarta ta ƙarshe, kuma wa zai ɗauki alhakin, ni ko ita?

Ban ƙone ba, ban kuma ƙarasa karantawa ba. Na ɗaure shi da zare na sa a akwatina, na rubuta a bango kada a buɗe sai bayan ran duk wanda sunansa ke ciki. Yaya har yau cewa yake na yi taurin kai.

Ranar arba'in Inna ta ja ni gefe, ta ce, "'Yar nan, an ce ta bar rubutu. Akwai sunana?"

Na ce, "Akwai, Inna."

Ta yi shiru, can ta ce, "To ki ajiye. Ni ma da na iya rubutu, da nata yana cikin nawa."