Hakkin Biri a Wuyan Mai Bincike

Manomin Gwarzo ko na Kabo bai san biri da kome ba sai ɓarnar gyaɗa da masara. Amma a Turai da Amurka akwai gidajen bincike inda a ke kiwon birai domin a gane yadda jiki ke yaƙi da cuta.

Ga yadda aikin ya ke. In cuta ta shiga jiki, sai jiki ya ƙera waɗansu dakaru ya zuba su cikin jini, kowane iri da abin da ya ke kamawa, kamar kwado da mabuɗinsa. A shekarar 1941 wani likitan Amurka, Albert Coons, ya gano dabarar rina dakarun nan da rini mai ƙyalli. A kan ciro kaluluwa ko saifar biri, a yanko ɗan salo wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba, sa'an nan a zuba masa rinannun dakarun. Duk inda suka manne sai ya haskaka cikin madubin likita, a ga maɓoyar cuta da inda masu gadin jiki suka taru.

To, ya halatta a taɓa ran dabba saboda wannan? Masu cewa i suna da hujja. A jikin birai aka tabbatar da ƙwayar shan inna a 1908, kuma da ƙodar birai aka yi rigakafin da ya fito a 1955. Yaran Gwarzo da Kabo suna cikin waɗanda suka ci moriyar wannan ilmi, har a 2020 aka shaida an kawar da asalin cutar daga Afirka.

Amma fa ba a zaɓi biri ba sai don ya yi kama da mutum. Kamannin nan da ya sa ya ke da amfani, shi ne shaidar cewa yana jin zafi da tsoro, yana kewar 'yan'uwansa. Ba ya yiwuwa a karɓi shaidar nan wajen amfani, a ƙi ta wajen tausayi.

Saboda haka abin da aka samu daga biri bashi ne. Biyansa kuwa uku ne: kada a taɓa shi in akwai wata hanya, kada a kashe goma inda biyu za su isa, kada a yanka shi yana ji. Wanda ya tsare waɗannan, mai neman ilmi ne. Wanda ya yi banza da su ya ɗauki alhaki, ko da maganinsa ya warkar da gari guda.