Kyan Baturiya Na Wane Ne: Mai Kallo Ko Masunci?

Mai karatu, ka lura da yadda ruwa ke fitowa a finafinanmu? Jarumi da jaruma na rawa a bakin kogi, can baya ga wani mutum cikin kwalekwale yana jefa birgi. Ba shi da suna, ba ya cewa uffan, ado kawai aka yi da shi. To tambayata: daidai ne mu ji daɗin kallon rayuwar mutum alhali ba mu damu da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ba?

Mu ɗauki Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma a masarautar Haɗeja. Tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su yi hunturu a fadamarta, kuma a 2008 aka sa ta cikin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Can Dagona ta jihar Yobe, a wannan fadama dai, Yarima Philip na Ingila ya je kallon tsuntsaye a 1989. Baƙo na zuwa da na'urar hangen nesa. Masunci kuwa tarwaɗa da karfasa yake nema, ya yi banda ya kai kasuwar kifi ta Haɗeja.

Ga abin da kyamara ba ta ɗauka. Wannan su da aka gada kaka da kakanni a kan ambaliyar damina ya dogara: ruwa ya malala, kifi ya hayayyafa, ruwa ya janye a kama. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta canza. Wani wuri ya ƙafe, wani kuma ruwan ya daina janyewa, ciyawar kacala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa. A hoto kacala kore ce shar, gwanin sha'awa. A wurin masunci ita ce ta hana kwalekwale wucewa.

Za ka ce ai baƙi alheri ne, dubi Argungu. Gaskiya ne, bikin kamun kifinta da ya faro a 1934 ya samu shiga kundin UNESCO a 2016. Amma biki na 'yan kwanaki ne, ciki kuwa kullum sai ya ci. In ɗan masunci ya bar koma ya tafi birni acaɓa, wa zai shiga ruwa ranar bikin? Sai dai a ɗauko 'yan wasa a rataya musu gora, gado ya koma diraman daɓe.

Ni a ganina kallo ba laifi ba ne, bashi ne. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daraktan da ya ɗauki fim a fadamar Haɗeja, ya biya mai kwalekwale haƙƙinsa, ya nemi izinin Sarkin Ruwa. Marubucin da ya gaji da labarin Alhaji da falo, ya ba masunci suna da baki a littafinsa. Kai kuma mai karatu, in ka je, kafin ka ɗaga kyamara ka yi sallama, ka tambayi mutumin yaya ruwa bana.

Allah ya sa mu gane.