Rumbun Malami: Don Wa Ake Ajiya?

A ƙasar Damargu manomi yakan ware zangarniyar gero mafi kyau, ya adana ta domin irin baɗi. Malamin makaranta a Falanko, cikin gundumar Tanut, shi ma yana da rumbunsa: kundin da yake tara shirin darussa, da aikin ɗalibai, da abin da ya lura da shi bayan an tashi, a takarda ko a wayar salula. Shin don wa yake wannan ajiya?

In don sufeto ne, kundin zai cika da nasarori kaɗai, ya koma ado. Nan ne malami ya bambanta da manomi: manomi kan sheƙe ƙaiƙayi, malami kuwa tilas ya adana nasa. Ranar da yara masu jin Hausa ko Tamajak a gida suka kasa gane lissafin rabawa cikin Faransanci, ita ce ta fi cancantar rubutawa, domin abin da aka ɓoye ba ya gyaruwa.

A 2017 gwamnatin Nijar ta yi wa malaman kwantiragi jarrabawar tantancewa. Jarrabawa tana auna sanin mutum na yini guda. Kundin gaskiya kuwa yana nuna gyaruwarsa cikin shekaru.

Sai dai akwai amana. Kuskuren yaro ba hajar kasuwa ba ce: kafin a kai takardarsa taron malamai na CAPED, wajibi ne a sakaya sunansa. Malami ya bayyana tuntuɓensa, ya rufa asirin ɗalibinsa. In aka sauya masa wurin aiki, magajinsa zai tarar da iri a rumbu.